Lokacin Kaka a Lardin Nan, Arewacin Tailan

Yawancin Hausawan da suka taɓa sa ƙafa a ƙasar Tailan ba su wuce Bankok ba, kuma ko a Bankok ɗin ma saninsu bai cika wuce unguwar Pratunam ba, inda fatake ke saro tufafi da takalma da jakunkuna, su ɗaure kaya su juyo gida. Wanda bai je ba kuwa, abin da ya haɗa shi da ƙasar shi ne buhun shinkafa 'yar waje, wadda ta shekara da shekaru tana shigo mana ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Na daɗe ina sha'awar ganin karkarar ƙasar da take ci da kanta har ta sayar wa wasu, saboda haka da wata hidima ta kai ni Bankok a farkon watan Nuwamba, sai na ware lokaci na nufi arewa, zuwa wani lardi da ake kira Nan, wanda ya yi iyaka da ƙasar Laos.

Tsakanin Bankok da garin Nan akwai tazarar kilomita kusan 670. Jirgin sama yana tashi daga filin Don Mueang ya sauka cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, bas kuma yana kwana a hanya, kimanin awa 10 daga tashar Mo Chit. Layin dogo bai shiga lardin ba sam, don haka mai son jirgin ƙasa sai ya sauka a Den Chai da ke lardin Phrae, ya ƙarasa da mota. Ni wannan hanyar na bi, domin ina so in ga yadda ƙasa ke sauyawa daga shimfiɗaɗɗun fadamun tsakiya zuwa tuddai, kuma ta gamsar da ni. Daga Phrae hanya ta fara hawa da lanƙwasa, garuruwa suka fara nisa da juna, har mutum ya gane da idonsa dalilin da ya sa wannan yanki ya daɗe yana zaman kansa. Lardin yana da gundumomi 15, mutanensa ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawan ƙasarsa kuma duwatsu ne, sai wani dogon kwari a tsakiya inda kogin Nan ya ratsa, kuma a cikin wannan kwarin jama'a da gonakin shinkafa suka taru.

Garin Nan ƙarami ne, mai keke zai iya kewaye tsohon garin kafin shayinsa ya huce. Babu dogayen benaye a tsakiyarsa, babu cunkoson motoci, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne direbobi ba sa danna ham, ko da wani ya tsaya a gabansu yana saye a bakin titi. Allunan tituna an rubuta su da baƙaƙen Tailan, a kan da yawa daga ciki kuma an ƙara da tsohon rubutun arewa na daular Lanna ta dā, wanda yau 'yan kaɗan ne ke iya karanta shi. Da asuba malaman addinin Buddha suna fitowa babu takalmi, sanye da mayafi ruwan goro, suna bin layi da ƙoƙunansu, mata kuma suna durƙusawa su zuba musu shinkafa ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a lasifika a wuraren taruwar jama'a, kowa ya tsaya cak har a gama. Bayan ƙarfe 9 na dare garin ya yi tsit, in ban da karnuka da ƙarar babur jifa-jifa.

Wannan natsuwa tana da asali a tarihi. Nan masarauta ce mai sarakunanta, wadda aka kafa birninta a inda yake yanzu a shekarar 1368. A tsakiyar ƙarni na 15 Sarki Tilokarat na daular Lanna, mai hedkwata a Chiang Mai, ya ci ta da yaƙi. Daga 1558 kuma yankin ya shiga hannun Burma, wato Myanmar ta yau, na fiye da shekara 200. Bayan haka sarakunan Nan suka yi mubaya'a ga Bankok, amma suka ci gaba da mulkin ƙasarsu da kansu, har sai da sarki na ƙarshe ya rasu a 1931, sannan aka mayar da ita lardi kamar sauran. Kafin wannan lokaci Faransa ta riga ta yanke mata ƙasa mai yawa a 1893 da 1904 ta haɗa da Laos, abin da ya bar ta a lungu, duwatsu a gabas, duwatsu a yamma. Gidan sarautar da aka gina a 1903 shi ne gidan tarihi a yau, kuma abin da ake tunƙaho da shi a ciki wani hauren giwa ne mai duhun launi, wanda sarakunan suka gada kaka da kakanni.

Daura da gidan tarihin akwai haikalin Wat Phumin, wanda aka gina a 1596 aka kuma yi masa babban gyara daga 1867. Ginin yana da ƙofofi huɗu, kowace tana fuskantar kusurwa ɗaya ta duniya, an kuma gina shi kamar yana zaune a kan gadon bayan manyan macizai biyu na almara, kawunansu a gaba, wutsiyoyinsu a baya. Ni Musulmi ne, ban je don ibada ba, kuma babu wanda ya nemi in rusuna wa wani abu. Abin da ake buƙata ga baƙo shi ne ya cire takalmi, ya suturta jikinsa, ya rage murya, kada kuma ya miƙe ƙafa yana nuna gunki da ita. Abin da ya kai ni shi ne zanen da ke jikin bango, wanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 19. A bisa ƙa'ida labaran addininsu ake zanawa, amma mai zanen ya cika bangon da mutanen garinsu: mata masu zanen saƙi da gashi a ɗaure a ka suna zuwa kasuwa, maza masu jarfa daga ƙugu zuwa gwiwa, masaƙa, masu busa taba, samari suna zolayar 'yan mata, har da Turawa da hulunansu da jirgin ruwa mai hayaƙi. Wanda ya fi shahara shi ne hoton wani namiji da ya dafa kafaɗar wata mace yana yi mata raɗa a kunne, tana murmushi. Wannan hoton ya zama tambarin lardin, ana buga shi a riguna da jakunkuna da kofuna, har ya kai ga gundura. A ganina sauran bangon ya fi shi daraja, domin babu wani littafin tarihi da zai nuna maka yadda talakan wannan gari yake ɗaura zane da yadda yake zama a ƙofar gida shekara 130 da suka wuce kamar yadda wannan bango ya nuna.

A filin da ke gaban haikalin ana cin kasuwar dare a ƙarshen mako. Ana shimfiɗa tabarmi a jere da ƙananan tebura na saƙar gora, mutum ya sayo abincinsa a layin masu sayarwa ya zo ya zauna a ƙasa ya ci, iyali guda a wannan tabarma, baƙi daga Bankok a waccan. Batun abinci shi ne babbar jarrabawar Musulmi a wannan yanki, kuma gara a faɗe shi a fili. Musulmin Tailan sun fi yawa a kudu, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, sai kuma Bankok, amma a karkarar Nan ba kasafai ake haɗuwa da su ba. Naman alade yana cikin kusan komai: a romon taliya, a tsiren bakin titi, a yajin da ake dangwala ganye a ciki, wani lokaci ma da kitsensa ake suya. Faɗin cewa ba ka cin alade bai wadatar ba, domin mai abinci zai iya tsame naman ya bar maka romon da zuciya ɗaya. Na roƙi wani ya rubuta mini bayanin da rubutunsu a takarda, ina nunawa duk inda na je, sannan na dogara ga gasasshen kifi da aka shafe da gishiri, da dafaffen ƙwai, da 'ya'yan itatuwa, da shagunan masu cin ganyayyaki zalla, waɗanda ake gane su da tuta ruwan ɗorawa mai jan rubutu. Shinkafa mai danƙo ita ce abincin gida a arewa. Ana jiƙa ta ta kwana, a turara ta da safe, a zuba a ɗan kwandon gora mai murfi, a riƙa gutsura da hannu ana dunƙulawa. Salla kuwa a ɗakin masauki nake yi, ina ƙasaru, da taimakon manhajar alƙibla a waya.

Daga garin na hau motar a-kori-kura mai benci biyu a baya, wadda ita ce motar haya a karkara, na nufi arewa. A gundumar Tha Wang Pha akwai ƙauyen Nong Bua na ƙabilar Tai Lue, waɗanda kakanninsu suka yiwo ƙaura daga yankin Sipsong Panna da ke kudancin Yunnan a ƙasar Sin. Su ma suna da haikali mai zanen bango, wanda ya fi na birni shiru, kuma a bayan haikalin mata suna saƙa a ƙarƙashin gidajen katako masu dogayen ƙafafu. Saƙarsu da ta yi suna ita ce mai zane kamar ruwa yana gudu, ana shigar da zaren launi da hannu layi bayan layi, abin da ke sa zane ɗaya ya ci makonni. Duk masaƙan da na gani sun manyanta, mafi ƙanƙantarsu ta yi jika.

Na sauka a Pua, kilomita 60 daga garin Nan, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Pa, wato gwaggo, wadda ta mayar da ɗakuna biyu na gidanta masaukin baƙi. Lokacin kaka ne, kwarin duka ya yi ruwan zinariya, ana ta yankan shinkafa. A manyan gonaki injin girbi ke aiki, amma a ƙananan fadamun gefen dutse har yanzu lauje ne, kuma gayya ake yi: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, mai gona ya ciyar da mutane da rana. Sun rufe fuska da ƙyalle da malafa saboda rana da ƙaiƙayi, ta yadda sai sun zauna cin abinci na lura cewa kusan dukansu furfura ce a kansu. Da taimakon jikarta mai ɗan jin Turanci, mai masaukina ta bayyana mini cewa 'ya'yanta suna aiki a Bankok da Chiang Mai, suna aiko da kuɗi, suna kuma zuwa gida lokacin bikin sabuwar shekararsu na Songkran a tsakiyar Afrilu. Haka gidaje da yawa suke, kaka da jika, tsakiyar babu kowa. Baƙo yana jin daɗin shirun ƙauyen, amma wani kaso na shirun nan rashin matasa ne ya kawo shi, kuma ban ga alamar tsofaffin suna ɗaukarsa abin alfahari ba.

Shinkafar da suke yanka ba ita ce ke zuwa kasuwanninmu ba. Tasu mai danƙo ce, ta ci a gida, a zuba a rumbu. Wadda ake turarawa a busar a cika jiragen ruwa da ita zuwa Afirka ta Yamma ta fi fitowa daga fadamun tsakiyar ƙasar. Sai dai akwai igiyar da ta haɗa su, wato ruwa. Kogin Nan yana farowa ne daga duwatsun arewacin lardin, ya gangara kudu ya cika madatsar ruwa ta Sirikit a lardin Uttaradit, sannan ya haɗu da kogin Ping a Nakhon Sawan, inda suke zama kogin Chao Phraya, wanda ke shayar da fadamun tsakiya ya ratsa Bankok ya faɗa teku. Ke nan ruwan da ya sauka a kan tuddan da nake hange daga barandar gidan Pa yana da hannu a buhun da ake saukewa a kasuwar Singa ta Kano.

Abin da ya burge ni a ƙauyukan shi ne abubuwan da mutanen wurin ba sa ko lura da su. Wutar lantarki ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya a zamana. Kwalta ta shiga har ƙauyukan kan dutse, kowace ƙaramar gunduma tana da ɗakin shan magani, kuma tun 2002 ƙasar take da tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa, wanda aka fi sani da tsarin baht 30 (baht shi ne kuɗin ƙasar) saboda ɗan kuɗin da aka fara karɓa a kowace ziyarar asibiti. Da sassafe mai unguwa yana magana a lasifikar da aka ɗaura a kan turaku, yana sanar da taro ko rasuwa ko ranar rigakafi. Wasu daga cikin hanyoyin kan dutse kuwa yaƙi ne ya haife su. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980 duwatsun Nan suna cikin manyan sansanonin mayaƙan jam'iyyar kwaminis ta Tailan, an kuma zubar da jini sosai a gundumomin kan iyaka, har aka gina abin tunawa da waɗanda suka mutu a Thung Chang. Gwamnati ta yi ta fasa hanyoyi domin sojoji su isa inda 'yan tawaye suke, sannan a 1980 gwamnatin Prem Tinsulanonda ta fito da manufar afuwa ga duk wanda ya ajiye makami, abin da ya karya lagon tawayen cikin 'yan shekaru. A Phu Phayak, ɗaya daga cikin tsofaffin sansanonin, gahawa ake nomawa yanzu.

Daga Pua hanya mai lamba 1256 ta hau dutsen Doi Phu Kha, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 1,980. Na yi hayar mota da direba, domin kwanonin hanyar ba na baƙo ba ne, balle ga wanda bai saba tuƙi ta hannun hagu ba. A cikin gandun dajin gwamnati itatuwa sun haɗe sama, sanyi yana ratsa riga, gajimare yana kwance a ƙasa da mu cikin kwari. A wannan daji ne ake samun wata bishiya da ba kasafai ake ganinta a duniya ba, mai suna Chomphu Phu Kha, wadda ke fure wajen Fabrairu, saboda haka ganyenta kawai na gani. Amma kafin a shiga gandun, da kuma bayan an fita, abin da ido ke gani daban ne: tudu bayan tudu an aske su ƙwal, babu bishiya sai busasshiyar masara a tsaye a kan gangaren da mutum zai yi mamakin yadda aka iya tsayuwa a kai, balle a yi shuka.

Wannan masara ba ta ci ba ce, ta abincin kaji da aladu ce, domin Tailan tana cikin manyan masu fitar da naman kaza a duniya. Yadda abin ke tafiya shi ne dillali ya ba manomi iri da takin zamani da maganin feshi bashi, in an yi girbi ya karɓi masara ya cire kuɗinsa. Masara tana yi a kan gangare ba tare da ban ruwa ba, kasuwarta kuma a shirye take, don haka ga mutumin da ba shi da fadama ita ce hanyar samun kuɗin makaranta da na babur. Matsalar ita ce ƙasar tudu tana gajiya da wuri, ruwan sama yana wanke ta, amfani yana raguwa, bashi yana ƙaruwa, sai manomi ya ƙara sare daji don ya cike giɓi. Ga shi kuma mafi yawan waɗannan tuddai a takarda gandun dajin gwamnati ne, ko da kuwa kakannin mutum a wurin aka haife su. Wanda ba shi da takardar mallakar gona ba zai dasa bishiyar da sai ta shekara 5 kafin ta ba da amfani ba, tunda bai san ko za a bar shi a wurin ba. Ƙabilun kan dutse irin su Hmong da Mien da Lua da Khamu su suka fi shiga wannan ƙangi, su ne kuma aka fi ɗora wa laifi, alhali mai cin kazar yana birni.

Sakamakon yana dawowa sau biyu a shekara. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ana ƙona karan masara da ciyawa don share gona, gobarar daji ta ƙaru a kai, hayaƙin da ke tasowa daga Laos da Myanmar ya haɗu da na gida, sai kwarin ya cika da hazo mai shaƙe ƙirji, duwatsu su ɓace wa gani. Da damina kuma ruwa ba ya samun abin da zai riƙe shi, yana gangarowa da laka, ƙasa tana zaftarewa. A watan Yulin 2025 ambaliya ta shiga tsakiyar garin Nan har ta kai harabar Wat Phumin. Ba zan ce sare daji kaɗai ne ya jawo ta ba, tunda ruwan da guguwa ta zubar a lokacin ya wuce kima, amma tudun da babu saiwa a jikinsa ba ya jinkirta ruwa.

Mutanen lardin ba su naɗe hannu ba. Tun farkon shekarun 1990 wani malamin Buddha ɗan yankin, Phrakhru Pitak Nanthakhun, ya riƙa ɗaura wa manyan itatuwa mayafin malamai a bainar jama'a, domin mai gatari ya ji nauyin sare su, ya kuma jagoranci keɓe wasu sassan kogi da aka hana kamun kifi. Na ga irin waɗannan itatuwa a gefen hanya, mayafin ya koɗe saboda rana da ruwa, amma suna tsaye. Daga baya aka kawo wani shiri mai suna Nan Sandbox, wanda attajirin banki Banthoon Lamsam ya tsaya a kai, bisa lissafin cewa kusan kashi 28 cikin 100 na gandun dajin lardin ya riga ya tafi. Manufarsa ita ce a halatta wa manoma zama a ƙasar, su kuma su mayar da wani sashe daji, su noma abin da ya fi masara daraja a ƙarƙashin inuwa. Tunanin ya yi daidai da tushen matsalar, wato mallakar ƙasa da bashi, amma daga abin da idona ya gani a kan hanya, masara ce har yanzu ke da rinjaye.

Bayan an gangara ɗaya gefen dutsen sai a iso Bo Kluea, ƙauyen da ya fi kowane wuri tsaya mini a rai. A tsakiyar duwatsu, nesa da teku, akwai rijiyoyin da ruwansu gishiri ne, ana kuma cin moriyarsu tun ɗaruruwan shekaru. Mutum yana tsayawa a kan dakalin katako ya jefa guga, ya juye ruwan a bututun gora, ruwan ya gangara zuwa bukkokin dafuwa. A cikin kowace bukka akwai murhun yumɓu mai baki biyu da manyan kaskon ƙarfe a kai, wuta tana ci da itace dare da rana. Bayan awa 4 zuwa 5 ruwan ya ƙone, gishiri ya taru fari fat, a kwashe shi a zuba a kwandon da aka rataye a saman kaskon domin sauran ruwan ya tsiyaye ya koma ciki. Bukkar tana da zafi da hayaƙi, rufinta ya yi baƙi ƙirin, gishiri ya daskare a jikin komai. Da damina ana dakatar da aikin, kuma kowace shekara mutanen ƙauyen suna yin yanka ga abin da suka yi imani shi ne mai tsaron rijiyar. Abin da gishirin Bilma ya zama ga ayarin raƙuma da kasuwannin ƙasar Hausa, shi wannan gishiri ya zama ga mutanen waɗannan duwatsu: ana ɗora shi a kan shanu da dawakai zuwa garuruwa masu nisa, sarakunan Nan suna karɓar haraji a kansa, kuma yana cikin abin da ya sa Chiang Mai ta yi kwaɗayin ƙasar. Yau gishirin teku ya fi shi araha nesa ba kusa ba, saboda haka masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da sana'ar, suna saye a ƙananan leda, wani an ƙara masa sinadarin aidin don ci, wani an haɗa shi da ƙamshi don wanka.

Kusa da Bo Kluea akwai ƙauyen Sapan, wanda hotunan Facebook da Instagram suka fito da shi cikin 'yan shekarun nan. Gidajen kwana da shagunan gahawa sun tsiro a kan gangaren da ke kallon kwarin, kowanne da barandar ɗaukar hoto. Baƙin kusan duka 'yan ƙasar ne daga Bankok, masu zuwa neman sanyi a Disamba da Janairu, Turawa kaɗan ne, baƙar fata kuwa ban haɗu da ko ɗaya ba a duk lardin. Yara suna kallona, manya suna haɗa tafin hannu a ƙirji su gaishe ni, wasu su tambayi ƙasarmu, in na ce Najeriya sai hira ta koma kan ƙwallon ƙafa. Ban fuskanci wulaƙanci ko sau ɗaya ba. Game da gidajen kwanan, ra'ayina ya rabu: suna kawo kuɗin da masara ba ta kawowa, sun kuma sa wasu matasa sun dawo gida sun buɗe sana'a, amma an gina wasunsu a kan gangaren da ko ido ya san bai kamata a ɗora musu siminti ba, kuma ba duka ne mallakar 'yan ƙauyen ba.

Na komo garin Nan ta hanya mai lamba 1081, wadda ke bin ƙoƙuwar tuddai ta gundumar Santisuk. A wani wuri hanyar ta lanƙwashe kamar lamba 3, motoci suna tsayawa a jere ana ɗaukar hoto, mu dai muka wuce. Ban samu ganin tseren dogayen kwale-kwale masu kan maciji da ake yi a kogin ba, domin an yi shi kafin isowata, wajen ƙarshen damina.

Wanda ke da niyyar zuwa ya riƙe tsabar kuɗi na baht, domin ƙananan masaukai da masu abinci a ƙauye ba sa karɓar katin waje, ya kuma tanadi rigar sanyi in zai kwana a kan dutse, ya sa manhajar fassara a waya tunda masu jin Turanci ba su da yawa. In ya ga an rubuta shekara da lamba mai ban mamaki a tikiti ko rasit, kalandarsu ce ta Buddha, wadda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543. Daga Agusta zuwa Satumba gonaki suna kore shar, amma ruwa yana iya yanke hanyoyin dutse. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba shi ne kaka, sararin sama a washe, masaukai kuma ba su cika ba tukuna. Disamba da Janairu sanyi ne da cunkoson 'yan Bankok, farashi yana hawa. Maris da Afrilu kuwa watannin hayaƙi ne, kuma mai asma ko wani ciwon ƙirji ya kauce musu gaba ɗaya.